Usur Uku a Bayan Siton Darduma

Shekara uku da suka wuce, ina ɗan shekara goma sha huɗu, in ka shigo unguwar Jaradiya a Riyad ka tambayi yaron da ya fi kowa rashin ji, babu wanda zai tsaya tunani, benenmu za a nuna maka. Ni ne ɗan direban nan Bakano, mai manyan kunnuwa. Ummata takan ce ba haka ta haife ni da su ba, ja ne ya mayar da su haka, kuma na yarda da ita, domin tsakaninta da Abba da malaman makaranta babu ranar da kunnen nan yake wuni bai sha hannu ba. A nan aka haife ni, Kano a hoto kawai na san ta. Sana'ata a lokacin ɗaya ce, in ba mutane dariya. In kyanwa ta tsallake katanga a gabana, kafin in kai labarin gida ta zama damisa, kafin in kai shi makaranta ta cinye ɗan sanda har da hularsa. Na rubuto muku ne saboda akwai dariya guda da na nema wadda har yau take tsaye a maƙogwarona, kuma ina so yara irina su karanta. Ba zan faɗi sunan kowa ba.

A ƙasan benenmu, a wani ɗan ɗaki kusa da matattakala, akwai wani tsoho mutumin Damagaram. Ba mu haɗa jini ba, amma tun ina rarrafe nake ce masa Kaka. Ya haura shekara talatin yana gadin wani siton darduma a kasuwar Dira, kowa a layin ya san shi da haris, wato mai gadi. Shi ya koya mini Hausa. Umma in ta yi mini Hausa da Larabci nake ba ta amsa, ta gaji ta ƙyale ni, amma Kaka in na yi masa Larabci sai ya kau da kai ya ce kunnensa na Larabci ya baro shi a wurin aiki, in dawo da safe. Wasa biyu ne a tsakaninmu, na jika da kaka, da na Bakano da Badamagare, don haka abin da wani yaro zai faɗa wa tsoho a mare shi, ni in na faɗa alewa ake ba ni. Nakan ɓoye masa takalmi a cikin firjinmu. Nakan ce masa mutanen Damagaram sai da suka zo Kano suka fara ganin ƙofa mai marfi. Shi kuma ya ce ni Bakanon bogi ne, in aka sauke ni a Kano rana ɗaya za a sayar da ni tare da kunnuwana, kowanne da kuɗinsa daban. Abba yana ji, sai dai ya girgiza kai ya ce tsakaninmu ne, shi ba ya shiga. Na taso ina ganin duk abin da na yi wa Kaka halal ne, tun da al'ada ce ta ba ni izini.

Kaka yana da labari guda da yakan ba ni in muna shan shayi bayan la'asar. Wai yana saurayi, shi da ƙanensa suka bi motar kaya daga Agadas suka yi arewa neman aiki, tafiyar kwanaki, har suka faɗa hannun wasu sojojin Turawa da ke ɗiban leburori a tsakiyar hamada. Wata da watanni suna haƙa rami, suna jan waya, suna taya kafa wata doguwar hasumiya ta ƙarfe. Ya ce bai taɓa ganin mutane masu tsari irin waɗannan ba. Akwai allo da aka rubuta aikin kowace rana. Akwai waɗanda aikinsu kawai su saki balan-balan kowace safiya, su bi shi da madubin hange don su san inda iska ta nufa. An jera motoci babu direba, an tsayar da mutum-mutumi sanye da kakin soja, an ajiye awaki da zomaye a keji, kowanne da lambarsa, kowanne da tazarar da aka auna masa daga hasumiya. Su kuma leburori kullum sai an yi musu atisaye. Usur na farko ka juya wa hasumiya baya, na biyu ka durƙusa ka cusa kai tsakanin gwiwoyi, na uku ka rufe ido da hannu, kada ka ɗago sai an ce ka ɗago. Sai wata safiya, in ji shi, rana ta fito sau biyu, kuma idonsa a rufe ya ga ƙasusuwan hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan yake tsayawa kullum, ya ce shayi ya huce. Ni kuwa a matsayina na gwanin ƙari na ɗauka na gamu da ubangidana a sana'a. Nakan ce masa ni ma na taɓa hango hanjin malamin lissafinmu ta cikin riga. Sai ya yi dariya har da tari. Ban taɓa tambayarsa abin da ya sami ƙanen ba, hankalina yana kan inda zan jefa nawa barkwancin.

Amma na lura da wasu abubuwa. Lokacin an fara tona titunan Riyad don aikin jirgin ƙasa, in wani ƙarfe ya faɗi da ƙara sai in ga Kaka ya noƙe wuya ya juya baya. In Sallah ta zo, yaran unguwa suka fito da 'yan bama-baman wasan nan da muke kira taraɗi, shi ba ya zama a gida, sai ya ce zai je ya duba sito, alhali kasuwa a rufe take. Ana haka wata rana malamin kimiyya ya yi mana bayanin bam ɗin nukiliya, ya ce ƙasashen da suka ƙera shi sukan nemi hamada ko tsibiri su gwada, kuma sukan yi shekaru suna tsara gwaji guda. Na dawo gida baki buɗe. Ashe labarin Kaka yana da tushe. Yaro mai hankali da ya ƙara girmama tsohon. Ni dabara ce ta faɗo mini.

A bayan littafin lissafina na rubuta da manyan baƙaƙe, Tsarin Gwaji, na naɗa kaina shugaban tsare-tsare. Abokina ɗan Sudan yana da usur irin na alƙalin ƙwallo, na ba shi busa da kunna taraɗi a cikin wani duron ƙarfe da ke lungun bayan sito. Abokina ɗan Yaman mahaifinsa mai ɗaukar hoto ne, na sa ya ɗauko fitilar nan mai walƙiya, zai haska ta ta taga. Wayata za mu jingina a kan bulo ta ɗauki komai. Ni zan kasance a ciki kusa da Kaka don in ga fuskarsa da kyau. Na zana taswira, na sa wa kowa lamba da wurin tsayuwa, na rubuta lokaci. Har atisaye muka yi sau biyu a saman bene, na lashi yatsa na ɗaga sama wai ina duba iska, abokaina suna faɗuwa don dariya. Abin da na zata shi ne Kaka zai durƙusa ya cusa kai a gwiwa, mu fito mu yi masa ihu, ya bi mu da takalmi, in sami abin tsokanarsa na shekara guda.

Rana ta biyu ta ƙaramar Sallah bayan la'asar Umma ta ba ni kular tuwon shinkafa da miyar taushe in kai masa. Na tarar da shi a zauren sito, wurin da duhu-duhu saboda dardumun da aka naɗe an jera su har rufi. Ya yi murna da ganina. Ya buɗe kula ya shinshina ya ce to, Kanawa sun fara koyon girki. Ya wanke hannu, ya kai loma ta farko kenan sai usur ya tashi daga lungu. Hannunsa ya tsaya a sama. Na biyu ya biyo baya, ya juyo ya dube ni da wasu idanu da ban san su ba. Na so in ce masa wasa ne, wallahi na so, amma bakina yana cike da dariyar da nake riƙewa. Usur na uku, haske ya wanke zauren, duro ya yi wata ƙara da ta fi yadda muka zata sau goma.

Kaka bai durƙusa ba. Kaina ya yo. Tsohon da sai ya dafa bango yake tashi ya yi tsalle ya danne ni ƙasa, ya rufe mini ido da tafin hannunsa mai danshin miya, ya lulluɓe ni da jikinsa gaba ɗaya, yana kiran wani suna da ba nawa ba.

"Kada ka duba. Na riƙe ka, kada ka duba."

Haka yake ta maimaitawa, ina jin bugun zuciyarsa a bayana. Hancina ya bugi siminti ya fashe. Abokaina suka shigo da dariya, dariyar ta mutu a bakin ƙofa, da ƙyar suka ɓamɓare hannunsa. Ya zauna yana haki. Ya dubi hayaƙin da ke shigowa ta taga, ya dubi usur a wuyan abokina, ya dube ni. Ya kama gefen rigarsa ta Sallah ya goge mini jini, ya ce mu tafi gida maza kafin ƙarar ta jawo 'yan sanda.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma a hanya muka buɗe wayar muka kalla, kuma a ƙaramin allo abin ya koma abin dariya, tsoho ya yi tsalle kamar mai tsaron raga, kula ta yi sama, tuwo ya yi nasa wuri. Tsoron da na ji ya gudu, halina ya dawo. Na yanke farkon inda ake jin usur, na bar daidai inda ya danne ni, na rubuta a ƙasa da Larabci cewa haris ya haukace ya turmushe yaro don ya taɓa masa tuwo. Fuskata ba ta fito ba, hannunsa ya rufe ta. Na tura guruf ɗin ajinmu. Umma kuwa na ce mata ƙwallo ce ta fasa mini hanci, har na ƙara da cewa na ci ƙwallon da hancin. Cikin kwana biyu hoton ya bar hannunmu. Wani ya sa masa kiɗa. Wani ya goge rubutuna ya sa nasa, cewa ga wani mai gadi baƙar fata yana cin zalin yaro a Dira, a yi hattara. Kuma sunan shagon yana nan ɓaro-ɓaro a jikin kwalayen da ke bayanmu.

Ga wanda bai san zaman nan ba, baƙo ba ya zama sai da iƙama, takardar izinin zama, kuma kafili, wato uban gidan da ya tsaya maka, shi ke sabunta ta. Wanda ya kawo Kaka tun farko ya tsufa yana kwance a gida, ɗansa ne ke riƙe da shagon, kuma saura mako biyar iƙamar Kaka ta ƙare. Wata rana Abba ya dawo cin abincin rana, aka ajiye masa bai taɓa ba. Ya gaya wa Umma cewa kafilin ya ga hoton, ya ce ba zai sabunta ba, zai buga wa Kaka huruj, fita ta dindindin. An tambayi Kaka wane yaro ne, me ya haɗa su, ya ƙi faɗa, ya ce kawai laifinsa ne, tsufa ne. Abba ya ce tsohon nan ba shi da kowa a Damagaram sai 'ya'yan dangi da ba su san fuskarsa ba, matarsa a nan ta rasu a nan aka binne ta, kuma burinsa guda a duniya a kwantar da shi a maƙabartar da take. Sannan ya ce duk wanda ya watsa hoton nan shi da Allah. Ina zaune a gabansa da cokali a hannu.

Kwana uku ina gudun ƙofar Kaka. Na koyi sauka daga bene ba tare da ƙafata ta taɓa matakala uku na ƙarshe ba, da ana gasar haka da na ciyo wa Najeriya kofi. Rana ta huɗu da hantsi ina tsakiyar tsallen ya kira ni, ya ce Bakano, zo nan kafin ka karya ƙafa a ce ni ne kuma. Na shiga. Ya riga ya fara ɗaure kayansa a kwali. Ya zuba mini shayi, ya kama haɓata ya juya fuskata ya duba hancin, ya ce dama ba wani kyau gare shi ba, babu asara. Na fashe da kuka. Ya bari na yi mai isata, sannan a karo na farko ya ba ni labarin har ƙarshe.

Ya ce ƙanensa kamar ni yake, ba ya zama wuri ɗaya, yana kwaikwayon tafiyar Turawan a bayansu leburori suna ƙunshe dariya. Duk atisayen da aka yi sai ya leƙa ta tsakanin yatsu, wai yana so ya ga abin da ake ɓoyewa, tun da babu wanda ya gaya musu mene ne. Don haka a waccan safiya Kaka ya durƙusa kusa da shi ya riƙe masa ƙeya ya danna kansa ƙasa. Da hasken ya zo, zafi ya daki bayansu kamar an buɗe tanderu, tsoro ya sa Kaka ya janye hannu ya rufe tasa fuskar. Yaron ya ɗago ya waiwaya. Daga ranar bai ƙara gani ba. Kaka ya jawo shi da sanda har gida, yaron ya yi shekara biyu yana ciwon da babu wanda ya san kansa, gashi yana zuba, hanci yana jini, sannan ya rasu. Ya ce shi bai riƙe mai busa usur a zuciya ba, shi ma umarni aka ba shi, wasu ne can nesa suka zauna suka rubuta komai a takarda. An auna wa akuya inda za ta tsaya, an yi wa iska lissafi, su kuwa ko sunan abin ba a gaya musu ba. Ya juya kofi a hannu, sannan ya dube ni.

"Amma ka gani, wannan karon ban saki ba."

Ban san yadda zan rubuta muku abin da na ji ba. Mutumin da na mayar abin dariyar gari yana gaya mini haka da wani ɗan murmushi, kamar kyauta na yi masa. Na tambaye shi me ya sa bai gaya wa kafilin gaskiya ba. Ya ce in yi tunani, ɗan baƙo ya kunna wuta a bayan siton darduma, in maganar ta kai ga 'yan sanda wa za a kama, iƙamar wa za a duba? Shi ya ci zamaninsa, Abbana kuwa yana da mu huɗu a makaranta. Ya ce in rufe bakina, wannan umarni ne na kaka, babu wasa a ciki.

Ban taɓa jin maganarsa ba, ranar ma ban ji ba. Bayan sallar Juma'a na sami Abba a mota yana goge gilashi, na miƙa masa wayar da littafin lissafi, na faɗa masa komai. Na sunkuyar da kai na miƙa kunne ina jira. Bai taɓa ni ba, kuma a duk dukan da na sha a duniya babu wanda ya kai wannan rashin dukan zafi. Ya daɗe yana kallon taswirar da na zana. Ya tambaye ni ko na san abin da zai iya biyo baya in muka je, na ce Kaka ya gaya mini. Ya ce to, in an kore mu dai ka ga Kano, kuma bai yi dariya ba. Washegari da safe ya ce in sa farar riga in shiga mota.

Kafilin mutum ne matashi, bai kai Abba ba. Abba ya gaishe shi ya ce ɗansa yana da magana, ya koma gefe ya tsaya. Na yi bayani da Larabcin Riyad da na tashi da shi, kuma karo na farko kenan a rayuwata da na ba da labari ban ƙara masa ko gishiri ba. Na nuna masa cikakken hoton tun daga usur na farko. Ya kalla sau biyu. Ya tambayi me tsohon yake faɗa, na fassara masa, na gaya masa labarin ƙanen. Ya daɗe yana murza carbi. Sannan ya ce ba zai kira 'yan sanda ba, saboda Abba ya zo da ƙafarsa, kuma saboda mahaifinsa ba zai yafe masa ba in ya ji an ja maganar haris zuwa can. Zuciyata ta yi tsalle, na zata an gama. Sai ya ci gaba da cewa maganar huruj tana nan. Ya ce gaskiya ya daɗe yana ganin mai shekara saba'in ya wuce gadi, ya riga ya sa na'urorin ɗaukar hoto a siton, kunyar mahaifinsa ce ta hana shi magana, yanzu kuma sunan shagonsa yana yawo a wayoyin mutane. Na roƙe shi. Na ce zan share siton kullum har in tsufa, na ce a buga mini huruj ɗin ni. Ya ce halas, ya walad, wato magana ta ƙare, yaro. Abin da ya yi guda ɗaya, kuma ina gode masa, ya tara maƙwabtansa 'yan kasuwa a gaban shago ya ce haris bai ci zalin kowa ba, kare yaron yake yi, ga yaron nan ku tambaye shi. Na tsaya a tsakiyarsu na sake faɗa. Daga baya na yi wani hoton ina bayanin gaskiya na tura ko'ina. Ina jin mutum goma suka kalla, uku daga ciki Umma ce.

Da Kaka ya ji na je, ya ce dama Kanawa tun kakanninsu ba sa jin magana, shi ya sa aka kewaye su da ganuwa. Yana faɗa yana riƙe da hannuna, bai saki ba har shayin ya ƙare.

Juma'arsa ta ƙarshe ya ce Abba ya kai mu maƙabarta, Abba ya jira a mota. Kaburburan nan babu suna a kansu, dutse ne a kai dutse a ƙafa, dubbai, duk iri ɗaya. Sai ranar na gane abin da tafiyarsa take nufi, in ya tafi babu sauran wanda ya san inda matarsa take kwance a duniya. Ya koya mini lissafin. Ka shiga ta ƙaramar ƙofa, ka sa bango a hannun dama, ka ƙirga layi kaza, ka juya ka ƙirga kabari kaza. Ya sa na koma bakin ƙofa na zo ni kaɗai har sau uku, yana tsaye yana kallo, sai da na daina kuskure. Sannan ya tsuguna ya yi sallama, ya yi addu'a mai tsawo, ya jawo ni kusa.

"Hajiya, ga Bakanon da nake ba ki labari. Kin ga kunnuwan, ba ƙarya na yi miki ba. Shi zai riƙa zuwa."

Ya ce mini sau ɗaya a wata ya isa. In kuma wata rana lissafin ya ɓace mini kada in damu, in yi wa layin gaba ɗaya addu'a, duk baƙi ne irinmu.

Yanzu yana Damagaram a gidan wata 'yar ɗan'uwansa, suna kula da shi gwargwado, idonsa ya yi rauni. Muna magana ta wayar jikanta. Kafin ya tambayi lafiyar Abba yakan tambaya ko na je, in ce na je, sannan ya fara zagin Kanawa. Ina zuwa. Ban taɓa tsallake wata ba.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma da tsada na koye shi, kuma ba ni na fi shan wahalar ba. Wasan jika da kaka gaskiya ne, abu ne mai daɗi, amma an ba mu shi ne don tsoho ya ji yana da na kusa. Abin da ya ɗauko daga can cikin cikinsa ya ba ka a kan amana ba ya cikin kayan wasan, ko da yana dariya lokacin da yake faɗa. Na kuma duba takardar nan tawa sau da yawa. Kowa yana da lamba, lokaci yana nan, har iska tana nan, amma babu layi ɗaya da ya tambayi abin da zai sami mutumin da za a yi abin a kansa. Na yi wa Kaka irin abin da masu manyan takardu suka yi masa, ni da na san labarin daga bakinsa. Don haka 'yan'uwana masu waya a hannu, musamman mu da iyayenmu ke zaune a ƙasar mutane da takarda guda, kafin ku shirya wa wani abin dariya ku tambayi kanku ko zai yarda in kun gaya masa tun farko. In kun san ba zai yarda ba, ku bari. In kuma kun riga kun ɗauka, kada ku tura, domin abin da ya fita daga wayarka ba ya jin kiranka. Ni mutumin da na raba da kabarin matarsa ya yafe mini tun kafin in roƙa, kuma ina gaya muku wannan yafiyar tana da nauyin da ba na yi wa kowane yaro fatan ɗauka.